Faɗin Taswira Ko Daɗin Wasa: Yaushe Duniyar Gem Ke Wuce Gona Da Iri?

A shekarar 1996 kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da wasan The Elder Scrolls II: Daggerfall, wanda faɗin ƙasarsa ya kai murabba'in kilomita kusan 161,600. Ya ninka Jihar Neja sau biyu har da ɗoriya, ita kuwa babu jihar da ta kai ta faɗi a Najeriya. Garuruwa da ƙauyuka da kogwannin da ke cikinsa sun haura 15,000. A 2002 kamfanin ya fito da magajinsa, Morrowind, a kan tsibiri guda wanda ko murabba'in kilomita 30 bai cika ba. An zaftare fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙasar ke nan. Sai ga shi ƙaramin ne ya ɗaga sunan kamfanin, kuma har yau masoyansa na iya kwatanta maka hanyar Seyda Neen zuwa Balmora da ka.

Ƙasar Daggerfall kwamfuta ce ta shimfiɗa ta da lissafi, ta ɗauki 'yan nau'o'in gidaje da bishiyoyi ta yi ta maimaitawa har fili ya cika. Tsakanin gari da gari babu komai sai daji iri ɗaya, shi ya sa ba kasafai ake takawa da ƙafa ba. Taswira ake buɗewa, a zaɓi gari, a tsinci kai a can. A Morrowind kuwa da hannu aka dasa kowane kogo da kowace maƙabarta, kuma in an aike ka ba a saka maka kibiya a allo. Kwatance ake yi maka irin na baki: bi hanyar kudu, in ka haye gada ka karya hagu. Dole ka buɗe ido ka kalli ƙasar, tun da ita za ta kai ka.

To, ko duniyar gem na iya yin girman da zai kashe daɗinta? Tana iyawa, kuma ta sha yi. Sai dai ba da kilomita ake ganewa ba. Abin aunawa shi ne tsawon lokacin da ɗan wasa ke yi yana danne da maɓallin gaba kafin ya tarar da abin da zai sa ya tsaya ya yanke shawara. Masu sana'ar sun daɗe da sanin haka. Ma'aikatan CD Projekt Red na ƙasar Polan, waɗanda suka yi The Witcher 3 a 2015, sun ce sun tsara ƙasar wasan yadda duk bayan daƙiƙa 40 mutum zai ga abin da zai ja hankalinsa, ko garken namun daji, ko abokan gaba, ko matafiya.

A buga lissafi a gani. A ɗauka taswira ce mai kilomita 6 tsawo da 6 faɗi, murabba'i 36 ke nan, an zuba mata wurare 360 masu abin yi. Kowane murabba'in kilomita ya samu 10, tazarar wuri da wuri ta kama mita 300 da 'yan kai. Jarumin da ke gudun mita 5 a daƙiƙa zai cinye ta cikin minti ɗaya da ɗan abu. Sai masu talla su ce a wasa na gaba a ninka tsawo da faɗi, su koma 12 da 12. Fili fa ba sau biyu ya ninka ba, sau huɗu ne, ya zama 144. In aka bar wuraren nan 360 yadda suke, tafiyar minti ɗaya ta koma ta minti biyu da wani abu. In kuma ana son riƙe tazarar farko, sai an gina wurare 1,440. Kowane ɗayansu yana buƙatar mai zane, da marubuci, da mai ɗaukar murya, da mai shirya faɗan da za a yi a ciki, da mai gwaji da zai tabbatar jarumi ba ya maƙalewa a bango. Shimfiɗa tsauni da daji abu ne mai arha, akwai manhajojin da ke yin sa nan da nan. Abin da za a zuba a kai shi ne mai cin kuɗi.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Wata takardar Sony da ta fito fili a shari'ar hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, da Microsoft a 2023 ta nuna dala miliyan 212 aka kashe a kan wasan Horizon Forbidden West, aikin shekara biyar. Tun a 2020 Shawn Layden, tsohon shugaba a ɓangaren PlayStation, ya ce wannan tafiya ba mai ɗorewa ba ce, kuma zai so a koma ga wasannin awa 12 zuwa 15. Babu kamfanin da zai iya ninka ma'aikatansa sau huɗu don taswira ta ninka, saboda haka sai a nemi dabara.

Dabarar da ta fi yawa ita ce maimaitawa, irin ta mai abincin da ta ƙara wa miyar mutum biyar ruwa don ta ishi ashirin. Salon da Ubisoft, wani babban kamfanin gem, ta shahara da shi tun daga Assassin's Creed na 2007, ta kuma kammala shi a Far Cry 3 na 2012, yana tafiya ne kamar haka: a raba taswira yanki-yanki, a kafa hasumiya a kowane yanki, ka hau ta, hazon taswira ya yaye, alamomi su bazu. Ga sansanin abokan gaba, ga akwatin dukiya, ga tsere, ga abin tsinta. Ka share su, ka matsa yanki na gaba, ka tarar da irinsu. Sansani na farko da na biyu da daɗi. Daga na huɗu zuwa na biyar ƙwaƙwalwa ta riga ta haddace tsarin: masu gadi a ƙofa, maharbi a sama, ƙararrawar kiran agaji da za a fara lalatawa, akwati a tantin shugaba. Daga nan kuma aiki ake yi.

Akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba. Alama a taswira tana faɗa maka abin da ke wurin tun kafin ka isa, ta cire mamaki, sannan ta janye idonka daga ƙasar da aka kashe miliyoyi wajen zanawa ta mayar da shi kan ɗan da'irar da ke kusurwar allo. Ko The Witcher 3 mai ƙa'idar daƙiƙa 40 bai tsira ba. A tsibiran Skellige teku cike take da alamomin tambaya, mafi yawansu kayan 'yan fasa-ƙwauri ne da ke yawo a ruwa. Ka tuƙa kwale-kwale, dodannin ruwa masu fukafukai su far maka, ka harbe su, ka yi nutso, ka ɗauko takobin da bai kai wanda ke hannunka ba, kaya su yi maka nauyi, ka koma gari ka sayar, ka dawo. Labaran gefe na wasan suna cikin mafi kyau da aka taɓa rubutawa, amma wannan teku ciko ne tsagwaronsa.

Abin ya fi muni idan aka tilasta maka cikon. A Assassin's Creed Odyssey na 2018, wanda ya ɗauko tsohuwar Girka da tsibiranta, kowane yanki da kowane mishan yana da matakin ƙarfin da ake so ka kai. In abokin gaba ya fi ka da 'yan matakai, saranka ba ya yi masa komai. Mai son bin labari kawai sai ya tarar an rufe masa ƙofa har sai ya je ya yi ayyukan gefe. A kantin wasan kuma ana sayar da abin da ke ƙara saurin hawa mataki da kashi 50 cikin 100, a kan kusan dala 10. Wato an tsawaita hanya, sannan an kafa shagon sayar da gajerta ta. Assassin's Creed Valhalla na 2020 ya ƙara tsawo, labarinsa kaɗai yana cin wajen awa 60. Da Ubisoft ta fitar da Assassin's Creed Mirage a 2023, birni ɗaya ya ɗauka, Bagadaza ta ƙarni na 9, labarin bai wuce awa 20 ba, kuma da wannan ƙanƙantar aka tallata shi.

Wata dabarar ita ce a bar wa kwamfuta ginin gaba ɗaya. No Man's Sky na 2016 yana da duniyoyi 18,446,744,073,709,551,616. Wanda zai leƙa kowacce na daƙiƙa ɗaya zai buƙaci shekara biliyan 585. Ba a ajiye su a faifai ba. Kowace duniya tana da lamba, in ka doshe ta sai a zuba lambar cikin wasu ƙa'idojin lissafi, su fitar da tsaunuka da launin sama da dabbobi nan take, kuma duk wanda ya zo wurin abu ɗaya zai gani. Fasaha ce ta ban mamaki. Matsalar ita ce ƙa'idojin da sassan da ake harhaɗawa ƙididdigaggu ne. A lissafi kowace dabba daban take, amma a idon mutum kan wannan ne aka ɗora a jikin waccan. Bayan duniya goma ka ga iyakar abin da injin zai iya. Abin da ya farfaɗo da wasan daga baya shi ne abin yi da kamfanin da ya yi shi, Hello Games, ya yi ta ƙarawa kyauta: gina sansani tun ƙarshen 2016, wasa tare da abokai a 2018, da sauransu.

Starfield, wanda Bethesda ta fitar a 2023, ya faɗa ramin ta wata fuska. Duniyoyi sama da 1,000 ne, kusan kashi 10 cikin 100 kaɗai ke da rai a kansu. Kwamfuta ke shimfiɗa filin da ka sauka, sannan ta ɗauko gine-gine daga rumbun waɗanda aka gina da hannu ta dasa. Tun da rumbun bai kai yawan duniyoyin ba, sai ka shiga wani ɗakin bincike da aka yi watsi da shi, ka karanta wasiƙun mamatan ciki, ka tashi zuwa wata duniya mai nisan gaske, ka tarar da ginin nan sak, gawa a inda ka bar ta, wasiƙa ɗaya a kan tebur ɗaya. Daga ranar ka daina yarda da duniyar. Ga shi kuma da ƙafa ake ratsa fili tsakanin gini da gini, domin motar REV-8 sai a Agustan 2024 aka ƙara ta. Bethesda ta koma gidan jiya, ta maimaita Daggerfall da kayan zamani.

Minecraft ya fi ƙarfin wannan hukunci, ko da yake shi ma kwamfuta ke gina shi, kuma filinsa, tubali miliyan 60 tsawo da faɗi, ya ninka doron duniyarmu kusan sau bakwai. Babu mai kuka da girmansa saboda babu wanda aka ɗora wa nauyin ganin ƙarshensa. Ƙasar kayan gini ce, kai ke kawo abin yi.

Sai batun gudu, wanda shi ne rabin lissafin da masu kwatanta taswirori ke mantawa. Tsibirin Panau na Just Cause 2 ya kai murabba'in kilomita 1,000, amma jarumin yana da ƙugiya mai igiya da laimar sauka, yana kuma iya ƙwace jirgin sama, don haka nisan bai dami kowa ba. A Marvel's Spider-Man na 2018 lilo tsakanin dogayen gine-gine shi ne zuciyar wasan, har mutane da yawa ba sa kula jirgin ƙasan da ke tsallakar da su nan take. Gudun nan ma yana da iyakar da na'ura ke sawa. PS4 tana da ƙwaƙwalwar gigabait 8 ne kawai, ba za ta ɗauki birni duka ba. Ana yanka taswira gunduwa-gunduwa, a loda waɗanda ke gabanka, a zubar da na bayanka. In ka fi faifai sauri sai ka ga gini ya faɗo daga sama ko ka zurma cikin ƙasa. Mark Cerny, wanda ya tsara PS4 da PS5, ya bayyana cewa a Spider-Man akwai bayanan da aka kwafa har sau 400 a faifai don kada allurar faifan ta ɓata lokacin nema, kuma saurin faifan ne ya ƙayyade saurin jarumin. Ya nuna lodin daƙiƙa 15 ya koma ƙasa da daƙiƙa ɗaya a sabuwar na'ura. Wannan ya magance jira, amma bai sa wurin da za ka je ya cancanci zuwa ba.

Tsallake tafiya ta taswira shi ne ma'aunin da kowa zai iya gwadawa da kansa. In ka lura duk inda za ka je tsalle kake yi, to filin da ke tsakani ya mutu, wasan ya koma jerin ɗakuna da allon lodi a tsakaninsu. Hideaki Itsuno, daraktan Dragon's Dogma 2 na 2024, ya ce tafiya ba ta gundura sai in wasan ne mai gundura, ya kuma taƙaita tsallen a wasansa. Yana da gaskiya rabi. Hanyar da aka bi sau ɗaya kasada ce, wadda aka bi sau goma sha biyu ana kashe dodanni iri ɗaya wahala ce, kuma 'yan wasansa da yawa sun koka da hakan.

Wasannin da suka iya abin sukan sa ƙaramin fili ya yi kama da babba. Duk wanda ya buga GTA: San Andreas na 2004 a gidan gem zai rantse ƙasa ce guda: birane uku, Los Santos da San Fierro da Las Venturas, ga daji ga hamada. Alhali duka bai wuce kilomita 6 da 6 ba. Hanyoyin karkara a murɗe suke, suna zagaye tsauni maimakon su ratsa. Ba a buɗe maka birni na gaba sai labari ya kai can, in ka yi kutse 'yan sanda su rufe ka da tauraro huɗu, wato su yi ta farautarka da ƙarfi. Sannan ga hazo, wanda asali gazawar PS2 ce ta kawo shi, yana ɓoye abin da ke nesa. Da aka sake fitar da wasan a 2021 aka cire hazon, sai ga mutane a saman dogon gini suna hango jihar gaba ɗaya kamar tabarma, asiri ya tonu. Dole aka dawo da hazo a gyaran da ya biyo baya.

Nintendo kuwa da gangan ta yi nata. A taron masu ƙera gem na Japan, CEDEC, na 2017 masu The Legend of Zelda: Breath of the Wild sun bayyana cewa da taswirar birnin Kiyoto suka auna nisa, don su san yadda tafiyar minti kaza take a jiki. Gwajin farko ya nuna 'yan wasa na bin hanya ɗaya daga hasumiya zuwa hasumiya kamar an ja su da igiya. Sai suka cika ƙasar da tuddai masu siffar dala. Babban dutse alama ce da ake hangowa daga nesa. Matsakaici yana tare maka gani, ya tilasta maka zaɓi: ka hau ko ka zagaya. Ko wanne ka zaɓa, abin da ke bayansa a hankali yake bayyana, kuma galibi kafin ka isa inda ka nufa wani abin ya ɗauke maka hankali. Hasumiyoyi 15 na wasan suna buɗe zanen ƙasa ne kawai, ba sa zuba alamomi. Kai za ka duba da idonka ka saka alamar inda kake so. Elden Ring na 2022 ya bi wannan sawu, ya kuma ɓoye ainihin girman taswirarsa har sai ka yi ta tsintar gutsattsarinta. Duk da haka shi ma ya ja da yawa: a yankunan ƙanƙara na ƙarshe manyan abokan gaban da ka kashe tun farko ne ke dawowa da ƙarin jini, wato sun fi wuyar kashewa.

Fili fayau ba laifi ba ne in da manufa. Shadow of the Colossus na 2005 babu kowa a ƙasarsa sai ƙattai 16, kuma shirun hanya shi ke gina fargabar haɗuwa da su. Kishiyarsa Kamurocho ce ta jerin Yakuza, unguwa ɗaya da aka kwaikwayo daga Kabukicho ta Tokiyo, wadda ake ratsawa da ƙafa cikin 'yan mintuna. Sega tana komawa cikinta tun 2005, kuma da wuya ka wuce layi ba ka samu ƙofar shiga ba.

Masu buga gem a waya sun san maganar nan ta wata hanya. Erangel ta PUBG kilomita 8 da 8 ce, ga mutum 100. Ba don da'irar da ke matse filin da aka yarda a tsaya a ciki ba, sai a yi awa ana neman juna. Da'irar nan na'urar rage taswira ce, tana riƙe tazarar haɗuwa yayin da mutane ke raguwa. Da aka lura mai waya ba shi da rabin awa, sai PUBG Mobile ta kawo Livik mai kilomita 2 da 2, mutum 52, wasan kusan minti 15. Free Fire tun asali mutum 50 ne da kusan minti 10.

Ga mai saye kuma girma yana da farashin da ba a rubuta a kwali. Red Dead Redemption 2 yana neman gigabait 150 a kwamfuta, kuma duk mai sayen data da kuɗinsa ya san abin da hakan ke nufi. Wasan awa 100 ga mai samun awa ɗaya a dare aikin fiye da wata uku ne, in wuta ta bari. In aka yi mako biyu ba a taɓa ba, an manta maɓallai, an manta wa ya aike ka. Kafin a saya, a duba bidiyon tsakiyar wasan, ba na talla ba, a ƙirga daƙiƙa nawa ake yi ba a yi komai ba sai tafiya. A duba jerin kofunan wasan, wato lambobin yabon da ake ba ɗan wasa, a PlayStation ko Steam, inda ake nuna kason waɗanda suka kammala labari. A dogayen wasanni galibi ba sa kai rabi. In an riga an saya, a shiga saituna a kashe alamomin tambaya, The Witcher 3 yana ba da damar haka, kuma ƙasar tana canja kama nan take. A bi labari, a ratse kawai in wani abu ya ja ido.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka zuba a taswira don a kwashe shi aka zuba. A Breath of the Wild akwai 'ya'yan Korok 900 a ɓoye, amma 441 sun isa a faɗaɗa jakar makamai har ƙarshe. An yawaita su ne don duk hanyar da ka bi ka ci karo da wasu. Wanda ya nace ya tattara duka 900, kyautar da Nintendo ta tanadar masa tulin kashi ne na zinare, wanda ba ya amfana komai a wasan.